Yadda Tunisiya ta zama gagarabadau a ninƙaya mai dogon zango

Ranar 3 ga watan Agustan 2025, wadda ita ce ranar rufe Gasar Wasannin Ruwa ta Duniya a Singafo, wani matashi ɗan Tunisiya mai shekara 20, Ahmad Jawadi, ya lashe tseren ninƙaya na mita 1500 na maza cikin minti 14 da daƙiƙa 34.41. Kwana huɗu kafin nan ya riga ya ɗauki lambar zinare a tseren mita 800. Wannan ne karo na biyu cikin shekara biyu da wani ɗan Tunisiya ya haɗa waɗannan lambobi biyu a gasa ɗaya, domin a 2023 Ahmad Hafnawi ya yi irin wannan bajinta a birnin Fukuoka na ƙasar Japan.

Tunisiya ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 12, kuma tawagar da take kaiwa gasar ninƙaya ba ta kama ƙafar ta Amurka ko Ostireliya ko Sin ba wajen yawa. Duk da haka, a tsere mafi tsawo da ake yi a cikin kwami, sunanta ya shiga sahun gaba. Tarihin wannan nasara ya rataya ne a wuyan mutum uku da suka biyo bayan juna cikin shekara 17, kuma a nan ƙarfin tawagar yake, a nan kuma rauninta yake.

Yadda gasar take

Hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda aka sani da FINA kafin a sauya mata suna zuwa World Aquatics a ƙarshen 2022, ita ce mai shirya wannan gasa. An fara ta ne a birnin Belgrade a 1973. A yau ta ƙunshi fannoni shida: ninƙaya a kwami, ninƙaya a buɗaɗɗen ruwa kamar teku ko tafki, alkafura daga kan dandamali, alkafura daga wuri mai tsananin tsayi, rawar cikin ruwa, da kuma ƙwallon hannu ta cikin ruwa.

Ninƙaya a kwami ita ce ta fi jan hankali, kuma tsere 42 ake yi a cikinta. Tsawon kwamin mita 50 ne, saboda haka mai tseren mita 800 zai ratsa shi sau 16, mai mita 1500 kuma sau 30. Ana yin waɗannan dogayen tsere ne da salon 'yanci, wato wanda doka ta bar wa kowa ya yi irin iyon da ya ga dama, ko da yake kowa rub-da-ciki yake yi yana jifa da hannuwa ɗaya bayan ɗaya, don shi ya fi sauri. Sauran salon su ne iyon rigingine, da na kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi, waɗanda ba sa wuce mita 200.

A dogon tsere, zagaye biyu ake yi. Ana fara share fage, a zaɓi mutum takwas da suka fi sauri, sa'an nan su kara a zagayen ƙarshe. Wanda ya fi kowa sauri a share fage ana ba shi layi na huɗu a tsakiyar kwami, wanda ya zo na takwas kuma a tura shi layin gefe. A jikin bangon kwamin akwai wani allo mai haɗe da agogon lantarki, da zarar ɗan wasa ya taɓa shi sai agogon ya tsaya. Ana auna lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa.

Jadawalin lambobin yabo kuwa da zinare ake fara lissafa shi. Ƙasa mai zinare biyu tana gaban mai azurfa goma da ba ta da zinare ko ɗaya. Wannan tsari ne ke ba ƙaramar tawaga mai gwani ɗaya damar hawa kan manyan ƙasashe masu 'yan wasa da dama.

Mako guda a Fukuoka

An yi ninƙayar kwami ta gasar Fukuoka daga 23 zuwa 30 ga Yulin 2023. Ostireliya ce ta zo kan gaba da zinare 13, Amurka ta samu bakwai, ko da yake ta fi kowa yawan lambobi da 38. Tunisiya ta tashi da lambobi uku, zinare biyu da azurfa ɗaya, kuma dukkansu Ahmad Hafnawi ne ya kawo su.

A daren farko ya kara da Sam Short na Ostireliya a mita 400. Short ya taɓa bango a minti 3 da daƙiƙa 40.68, Hafnawi kuma a 40.70. Tazarar ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba, amma ta isa ta raba zinare da azurfa. Bayan kwana uku suka sake haɗuwa a mita 800, a nan Hafnawi ya rama. Ya gama cikin minti 7 da daƙiƙa 37 cif, Short ya zo na biyu, Bobby Finke na Amurka ya zo na uku.

Tseren mita 1500 na ranar ƙarshe shi ne wanda masu bibiyar wasan suka fi tunawa. Finke, wanda ya lashe mita 800 da 1500 a gasar Olamfik ta Tokyo, ya yi suna wajen ɓoye ƙarfinsa har zuwa ratsawa ta ƙarshe, sa'an nan ya yi wa abokan karawarsa fintinkau. Short ya ja ragama da farko, daga baya ya gaji, aka bar Hafnawi da Finke kafaɗa da kafaɗa. Da suka juyo ratsawa ta talatin, Finke ya saki ƙarfin da ya saba saki, amma Hafnawi bai bari ya wuce ba. Agogo ya nuna minti 14 da daƙiƙa 31.54 ga ɗan Tunisiya, 31.59 ga Ba'amurke. Bayan iyon kilomita ɗaya da rabi, abin da ya raba su bai kai tsawon tafin hannu ba. Lokacin Hafnawi ya nuna cewa yana cin kowace mita 100 cikin kimanin daƙiƙa 58, sau goma sha biyar a jere ba hutawa. A wannan rana, Sun Yang na ƙasar Sin kaɗai ya taɓa yin abin da ya fi haka sauri, da minti 14 da daƙiƙa 31.02 a Landan a 2012.

Afirka ta Kudu, wadda ta daɗe tana riƙe da kambun ninƙaya a nahiyar Afirka, zinare ɗaya ta samu a Fukuoka, ta hannun Tatjana Schoenmaker a iyon kwaɗo na mita 200. Ke nan a wannan shekara Tunisiya ce ta yi wa nahiyar jagora.

Wanda ya share hanya

Kafin Hafnawi akwai Usama Malluli, wanda aka haifa a 1984. Ya bar gida tun yana matashi zuwa Faransa don karatu da horo, daga can ya wuce Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka. A gasar Olamfik ta Bejin ta 2008 ya doke Grant Hackett na Ostireliya a mita 1500, alhali Hackett na neman lashe tseren karo na uku a jere. Da wannan Malluli ya zama namiji na farko daga Afirka da ya ci zinaren Olamfik a tseren ninƙaya na mutum ɗaya.

Shekara guda bayan haka, a gasar duniya ta birnin Rum, ya ci zinare a mita 1500 da azurfa a mita 400 da 800. A Landan a 2012 ya samu tagulla a mita 1500 a cikin kwami, sa'an nan ya fita tafkin da ke dandalin Hyde Park ya lashe tseren kilomita 10. Kafin shi babu wanda ya taɓa samun lambar yabo a kwami da buɗaɗɗen ruwa a Olamfik guda. A 2013 ya ƙara da zinaren kilomita biyar a gasar duniya ta Basalona. Ya halarci Olamfik sau shida, daga Sidni a 2000 zuwa Tokyo.

Hafnawi, wanda aka haifa a ƙarshen 2002, yana ɗan shekara biyar lokacin nasarar Bejin. Mahaifinsa tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ne na tawagar ƙasar. A Tokyo, a watan Yulin 2021, ya shiga zagayen ƙarshe na mita 400 da kyar, a matsayi na takwas, aka ba shi layin gefe inda ba a cika sa ran mai nasara ba. Daga can ya lashe tseren cikin minti 3 da daƙiƙa 43.36, yana ɗan shekara 18. Bayan nasarar ya shaida wa manema labarai cewa Malluli ne gwaninsa, kuma burinsa ya zama kamarsa.

Akwai wani ƙiyasi da ke nuna zurfin wannan gado. A daren da Jawadi ya lashe mita 800 a Singafo da minti 7 da daƙiƙa 36.88, uku daga cikin mutum huɗu da suka fi kowa sauri a tarihin tseren 'yan Tunisiya ne. Zhang Lin na Sin ne kan gaba da minti 7 da daƙiƙa 32.12, sai Malluli da 35.27, sai Jawadi, sai Hafnawi. Na farko da na biyun sun yi nasu ne a tsere ɗaya a Rum a 2009, zamanin da ake sa wata rigar roba mai rufe jiki da ke taimakawa wajen yawo a saman ruwa. A wannan gasa kaɗai an kafa sabon tarihin duniya sau 43, abin da ya sa aka haramta rigar daga farkon 2010. Saboda haka lokacin Jawadi shi ne mafi sauri da aka yi da kayan ninƙaya na yau da kullum har zuwa wannan dare.

Dalilin tsayawa kan dogon zango

Yaro yakan bi sawun wanda ya ga ya ci nasara, haka ma masu horarwa. Tun da Malluli ya nuna cewa ɗan Tunisiya zai iya doke kowa a mita 1500, ƙungiyoyin ninƙaya na ƙasar suka samu abin koyi a gida. Dogon tsere kuma ya dogara ne da juriya da iya rarraba ƙarfi, abubuwan da ake ginawa da iyon kilomitoci masu yawa kowane mako, safe da yamma, shekara da shekaru. Wanda ya ƙware a nan yana iya shiga tsere uku da horo iri ɗaya, wato mita 400 da 800 da 1500. Shi ya sa gwani ɗaya ke iya kawo wa ƙasa lambobi uku a mako guda.

Sai dai akwai abin da mutanen uku suka yi tarayya a kai bayan ƙasar haihuwa: a gida aka gano su, a waje aka ƙarasa gina su. Malluli ya bi ta Faransa da Kalifoniya. Hafnawi ya ci zinaren Tokyo da horon gida, amma kafin Fukuoka ya koma Jami'ar Indiyana a Amurka. Jawadi ya yi horonsa a kudancin Faransa a hannun Philippe Lucas, kociyan da ya horar da Laure Manaudou, sa'an nan bayan Singafo ya tafi Jami'ar Fulorida, inda Finke yake horo. Jami'o'in Amurka suna haɗa wa ɗan wasa karatu da masauki da likitoci da kwami mai kyau a wuri ɗaya, kuma mafi muhimmanci suna ba shi abokan horo masu ƙarfi irin nasa da zai riƙa gogayya da su kullum. Ƙasar da gwaninta ɗaya ne ba ta iya samar masa da wannan a gida.

Inda gizo ke saƙa

Cikin tsere 42 na gasar, takwas na karɓa-karɓa ne, inda mutum huɗu ke haɗa ƙarfi. A nan ake gane ƙasar da ke da tarin gwanaye, kuma a nan Amurka da Ostireliya ke tara lambobi. Tunisiya ba ta da rabo a wannan fage, kuma duk lambobinta na gasar duniya a ninƙaya daga ɓangaren maza suka fito. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk lokacin da gwanin da ake taƙama da shi ya samu tangarɗa, sai sunan ƙasar ya ɓace daga jadawali. Daga zinaren Malluli na Basalona a 2013, sai da aka shekara goma kafin Tunisiya ta sake jin taken ƙasarta a wannan gasa.

Shekarar 2024 ta nuna wannan a fili. A watan Fabrairu aka yi gasar duniya a Doha, wata bakwai kacal bayan Fukuoka. Hafnawi, wanda ya bar Indiyana ya koma Kalifoniya a tsakanin, ya shiga tserensa uku bai kai zagayen ƙarshe a ko ɗaya ba. Bai je Olamfik ta Faris ba, inda Finke ya kafa sabon tarihin duniya a mita 1500 da minti 14 da daƙiƙa 30.67. Daga baya aka sanar da dakatar da shi na wata 21, daga Afrilun 2024 zuwa Janairun 2026.

Laifin da aka same shi da shi yana buƙatar bayani, domin ba a ce an ga ƙwaya a jininsa ba. Dokar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta wajabta wa manyan 'yan wasa su riƙa sanar da inda suke, tare da ware awa ɗaya a kowace rana da masu gwaji za su iya iske su ba tare da sanarwa ba. Wanda aka neme shi aka rasa, ko ya kasa cika bayanan, sau uku cikin wata 12, ana hukunta shi ko da jikinsa tsaf yake. Wannan ce dokar da Hafnawi ya saɓa. Malluli ma ya taɓa shan dakatarwar wata 18 bayan an samu sinadarin amfetamin a gwajinsa a ƙarshen 2006, inda ya ce ya sha maganin ne don ya hana kansa barci saboda aikin jami'a. Hukuncin ya sa aka karɓe zinaren mita 800 da ya ci a gasar duniya ta Melbon a 2007. Irin waɗannan kurakurai su ne waɗanda manyan tawagogi ke ajiye ma'aikata na musamman don kauce musu.

Ita kanta hukumar ninƙayar ƙasar ta shiga ruɗani a wannan shekara. A ƙarshen watan Afrilun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta sanya wa Tunisiya takunkumi saboda dokokinta ba su dace da ƙa'idojin 2021 ba. Cikin hukuncin har da hana ɗaga tutar ƙasar a manyan wasanni. Da aka zo wata gasar ninƙaya a kwamin Radis, kusa da babban birnin ƙasar, masu shirya ta suka rufe tutar da jan ƙyalle don bin umarnin. Abin ya tayar da ƙura. Shugaba Ƙais Sa'id ya je wurin da kansa ya sa aka ɗaga tutar, aka rushe shugabancin hukumar ninƙaya, aka kuma tsare wasu jami'ai. WADA ta janye takunkumin cikin watan Mayu bayan gwamnati ta gyara dokar, amma ya rage saura wata biyu da 'yan kwanaki a fara Olamfik.

Dawowa a Singafo

A cikin wannan yanayi ne Jawadi ya fito. A Faris ya zo na huɗu a mita 800, na shida kuma a mita 1500, yana ɗan shekara 19. Tunisiya ta bar kwamin ba lamba ko ɗaya, lambobinta uku na wannan Olamfik daga tekwando da wasan takobi suka fito. A watan Disamba na wannan shekara ya lashe mita 1500 a gasar duniya ta gajeren kwami mai mita 25 a Budafes, alamar cewa ya kusa isa.

A Singafo ya tabbatar da hakan. A mita 800 ya ɓalle daga sauran tun a tsakiyar tsere, ya bar Jamusawa biyu, Sven Schwarz da Lukas Märtens, suna rabon azurfa da tagulla. Bayan tseren ya ce ya sadaukar da nasarar ga Hafnawi, wanda ke cikin mawuyacin hali a lokacin. A mita 1500 Schwarz ya sake zuwa na biyu, Finke mai riƙe da tarihin duniya ya zo na uku. Amurka ta jagoranci jadawalin ninƙaya da zinare tara, Ostireliya ta biyo da takwas. Afirka ta Kudu ta samu zinare ɗaya ta hannun Pieter Coetze a iyon rigingine na mita 100. Tunisiya ta koma gida da zinare biyu, kuma kamar a Fukuoka, wuya ɗaya aka rataya wa dukkansu.

Abin da ke gaba

Gasar duniya ta gaba za a yi ta ne a Budafes a 2027, sai Olamfik ta Los Anjalas a 2028. A lokacin Jawadi zai kasance ɗan shekara 23, Hafnawi kuma 25, shekarun da masu dogon zango ke kan ganiyarsu. Idan Hafnawi ya dawo da ƙarfinsa na Fukuoka, Tunisiya za ta iya tsayar da zakarun duniya biyu a tsere ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma dokar gasar ta yarda kowace ƙasa ta sa mutum biyu a tsere muddin sun cika lokacin da aka gindaya.

Aikin da ke gaban hukumomin wasanni na ƙasar ya fi na jiran gwani na huɗu. Malluli ya ɗauki nauyin tawagar shi kaɗai fiye da shekara goma, Hafnawi ya karɓa, Jawadi ya karɓa daga hannunsa, kuma kowane giɓi tsakaninsu ya bar ƙasar hannu rabbana. Ranar da Tunisiya ta kai mutum huɗu zagayen ƙarshe na karɓa-karɓa, ko wata 'yar ƙasar ta hau dandamalin karɓar lambar yabo a gasar duniya, ranar ce za a iya cewa ta gina tawaga. Kafin nan, abin da take da shi gwanaye uku ne, da zinare huɗu da biyu daga cikinsu suka kawo tsakanin 2023 da 2025.